Dawo Ran Lahadi

Ku matso kusa, ku masu cewa gyaran rediyo ba sana'a ba ce, hure ƙura ce da canza batir. Ba faɗa zan yi muku ba, na tsufa da faɗa. Labari zan ba ku, kuma ba mai daɗi ba ne.

Sunana Bawa, amma a Illela in ka tambayi Bawa mai rediyo sai an tsaya tunani. Ka ce Ɗan Rasha, nan take za a nuna maka ƙofata. Shagona zauren gidana ne. Sakkwato sau huɗu na taɓa zuwa. Ƙwanni kuwa, da ke nan bayan boda, wadda 'yan kabu-kabu ke zuwa su dawo shayinka bai huce ba, sau ɗaya, ina ƙarami. Kulu mai ɗakina ta ce ko kunkuru ya fi ni yawo. Ni kuma na ce mata mutumin da duniya ke zuwa ta same shi cikin akwati, mi zai fita nema?

Rediyon farko da aka bar ni na buɗe na wani mai noman albasa ne daga Kalmalo. Lokacin ina shekara ta biyu a hannun maigidana Ladan, Allah Ya jiƙan shi. Kafin nan aikina hura gawayi, domin ƙarfen liƙinmu ba na lantarki ba ne, a garwashi ake sa shi. In ya yi sanyi dalma ba ta narke ba, in ya yi ja ya ƙone maka hanya a kan allon rediyo. Da ƙamshi ake gane ya yi daidai. Kayan aikinmu duka ba su cika kwano ba: sukundireba uku, filaya, hantsaki, tsohon buroshin haƙori, da mita ɗaya wadda allurarta sai an ɗan ƙwanƙwasa take motsi. Ladan ba ya yarda da mitar nan. Sai ya kunna rediyo, ya juya ni ina kallon bango.

"Mi kaj ji?"

"Shuu nake ji, maigida."

"Shuu iri nawa gare mu? Jaki ma ya san shuu. Sake ji."

Akwai shuu na eriya, akwai na batir mai mutuwa, akwai na kondansa da ta sha zafi ta bushe, akwai na kyankyaso da ya yi gida a bayan lasifika. Rediyon mai albasa ruwa ne ya shige shi a fadama. Na ji, na faɗa, na gyara kafin azahar. Mai shi yana zaune a benci yana jira. Na ɗauko zan miƙa masa, Ladan ya taka mini ƙafa, ya dubi mutumin ya girgiza kai.

"Wanga aiki babba ne. Dawo ran Lahadi."

Da ya tafi sai ya ce mini, "Aikin da aka gama gaban mai shi ba ya da daraja. In ya ga ka taɓa waya ɗaya abu ya yi magana, gobe da kanshi zai taɓa, kuma ya ce wa mutane ba komai kake yi ba. Bari ya kwana bakwai babu labarai, ya san matsayinka." Lahadi ce ranar kasuwarmu, kowa zai dawo ko ba don rediyo ba. Haka na koya, haka na yi shekara arba'in ina yi. Tela na yi, mai gyaran agogo na yi. Ba ma kiran shi ƙarya.

Rediyon Rasha na farko wani dillalin shanu ne ya kawo daga wajen Tawa. Ƙanensa ne ya yi karatu can ya zo da shi. Nauyi kamar dutsen niƙa, eriya ta kusa taɓo rufin zaure, amma in ya kama tasha kamar mai maganar yana zaune kusa da kai. Ladan ya buɗe baya, ya ga takardar zane cike da wasu baƙaƙe da ba boko ba, ba ajami ba, ya rufe ya turo mini. Ni karatuna allo ne da aji uku na firamare. Na zauna ina kallon baƙaƙen nan. Wani kamar ƙofar zaure, wani kamar gizo-gizo ya baje ƙafafu, wani kamar mutum ya juya baya yana tafiya. Na gyara rediyon da kunne, ba da takarda ba. Amma abin ya tsaya mini a rai, a ce ga magana a gabana an rubuta, ta shafi aikina, ni kuma kamar makaho.

A jikin gilashin rediyon akwai sunayen garuruwa. Mai magana a tasharsu kullum yana faɗin sunan babban birninsu, Maskwa yake cewa, ba yadda muke faɗa ba. Na nemi kalma mai baƙi shida a gilashin wadda aka rubuta da ja, na ce ke ce. Ranar na samu baƙi shida. Na sayi littafin rubutu, ina zana baƙin Rasha a sama, ina sa sautinsa da ajami a ƙasa. Daga Maskwa na samu Baku, daga Baku na samu Tashkan. A Tashkan na haɗu da wani baƙi mai haƙora uku a tsaye, sai ga shi sautinsa ɗaya da shin ta allo mai haƙora uku. Na shiga gida na nuna wa Kulu. Ta ce, "To, Allah Ya sa ya zama tuwo."

Bai zama tuwo ba, kuma ban nema ya zama ba. Wani tattabaru yake kiwo, wani dara yake yi a gindin bedi, ni wannan ne nawa. A wancan zamani Rasha na da tashar da ke magana da Hausa. Sai in ji labarai da Hausa, in murɗa in nemo na Rashanci, in yi ta kamun sunayen ƙasashe, abin da ke tsakaninsu in cike da hasashe. Daga baya dillalin shanun ya kawo mini ƙamus ɗin ƙanensa, Rashanci zuwa Faransanci. Ni ba na jin Faransanci. Sai in tara kalmomi goma, ran Lahadi in tare wani tsohon malamin lakwal, makarantar bokonsu ta Faransanci, da ke zuwa cin kasuwa daga Ƙwanni, ya juya mini su Hausa, ni kuma in duba masa rediyonsa. Kowace kalma sai ta ƙetare boda sau biyu kafin ta iso ni. Littafi goma sha ɗaya na cika a haka.

Abu ɗaya na rasa: wanda zan yi magana da shi. Shekara talatin ina gaida rediyo, rediyo bai taɓa amsawa ba. Mamman tela, maƙwabcina, in ya ji ni ina maimaita kalmomi sai ya leƙo ya ce, "Ɗan Rasha, aljanun sun tashi ne? In kira mai ruƙiyya?" Ban ma san ko abin da nake furtawa mutum zai gane ba. Sannan tashar ta yi shiru, aka daina watsawa. Waya ta shigo, kowa ya sa labarai a aljihu. Bencina da ake rigimar wurin zama ran Lahadi ya koma wurin kwanciyar akuya. A mako in an kawo aiki uku na gode Allah, biyu daga ciki tocila ce. Na riga na sa a raina da Rashancin nan za a binne ni, ba wanda ya taɓa ji.

Rikodar Madam Nina ran wata Lahadi ta zo, da damina. Mota ta tsaya, wani magidanci ya fito rungume da akwati a cikin bargo, bayansa wata tsohuwar Baturiya da zane da mayafi, tana dafe da sanda. Mutumin ya ce sunansa Idrisa, daga Ƙwanni, wannan mahaifiyarsa ce, Madam Nina. Babansa likitan dabbobi ne, a Rasha ya yi karatu ya auro ta, ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. An ce masa a duk yankin nan ni kaɗai na rage mai taɓa tsofaffin kaya.

Ya buɗe bargo. Rikoda ce irin ta da, ba ta kaset ba, mai faifai biyu a sama, zaren murya yana barin ɗaya yana naɗewa a ɗaya. Da ita akwai faifai bakwai a cikin gwangwanin biskit. Idrisa ya ce muryar kakarsa ce da 'yan'uwan mahaifiyarsa, suna aiko mata maimakon wasiƙa, kamar yadda mutanenmu na Makka ke aiko kaset. Duk sun mutu. Idon Madam ya tafi, ba ta iya ganin hotuna, muryar take so, kuma rikodar ta shekara shida ba ta motsi. Babu wata na'ura daga nan har Yamai da ke cin irin faifan.

Na karanta rubutun jikin rikodar a fili, ba da niyya ba, sabo ne kawai. Tsohuwar ta juyo da kanta wajen muryata. Na gaishe ta da Rashanci, na ce ina mata barka da zuwa a madadin al'ummar wannan gari.

Ta yi dariya har sai da ta zauna a bencin. Ta ce da Hausarta ta Ƙwanni, "Malam, ka iya, wallahi ka iya. Amma kana magana kamar za ka sanar da mutuwar shugaban ƙasa."

Ta gane ni. Wannan shi ne abin da na riƙe. Muka yi awa biyu, rabi Rashanci rabi Hausa, Idrisa yana kallonmu, domin shi ko kalma ashirin bai sani ba. Babansu ya ce Faransanci za su yi, shi ne na aiki. Na san yadda ake cewa yarjejeniya da amfanin gona da jirgin sama jannati, amma ban san cokali ba, ban san tari ba, ban san jika ba. Ta yi ta ba ni ina rubutawa. Kulu ta aiko da fura. Mamman tela ya leƙo ya ce, "Ashe aljanun gaskiya ne."

Aikin kansa kwana uku ya ɗauke ni. Bel ɗin da ke juya faifai ya narke ya zama kamar ƙaro, kondansa biyu sun bushe, kan da ke karanta zaren ya yi tsatsa. Kondansa na ciro daga gawar wani rediyo. Bel kuwa babu inda ake sayarwa, daga tub ɗin babur na yanka. A nan ne sana'a take, ku masu cewa hure ƙura. In bel ya yi kauri murya ta yi nauyi kamar ta bijimin sa, in ya yi siriri ta koma ta ɗan tsako. Babu mitar da za ta gaya maka yadda muryar matar da ba ka taɓa gani ba take. Sau biyar na yanka. A na biyar, ran Laraba da hantsi, wata tsohuwa ta yi tari a cikin zaurena, ta ce, Ninushka, kina ji na? Na san ya yi daidai, don tarin tarin mutum ne.

Lahadi suka dawo. Tun daga ƙofa ta tambaya da Rashanci ko an gama. Rikodar na ƙarƙashin tebur, na lulluɓe ta da bargonta. Bakina ya riga ni.

"Saura kaɗan, Madam. Wani ƙarfe ne babu, na aika Kano. Ku dawo ran Lahadi."

Ba zan ce muku sabo kaɗai ba ne. Na san in na miƙa mata, ta tafi ke nan. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ba za ta sake ƙetare boda don ta yi hira da mai gyaran rediyo ba. Na ce mako ɗaya ba zai kashe kowa ba. Ita ma ai tana jin daɗin hirar, na gaya wa kaina. Ranar ta koya mini sunayen kayan miya. Lahadi ta uku ta ba ni labarin garinsu, da kogin da ke daskarewa har a bi ta kansa da keken doki. Ta huɗu ta gyara mini wani sauti da na shekara talatin ina faɗa ba daidai ba, ta sa ni na yi ta maimaitawa har Mamman ya tsayar da keken ɗinkinsa yana saurare. Kowane zuwa sai ta tambaya, kowane zuwa in ce mutumin Kano bai iso ba. A tsakiyar mako kuwa in rufe zaure in kunna faifan, ina jin uwarta, ina cika littafi na goma sha biyu.

Kulu ta gane, don tana jin muryar ta bango. Ta ce, "Malam, ka ba matar nan kayanta."

"Lahadin nan zan ba ta."

"Haka ka ce waccan."

Na yi niyyar Lahadi ta shida, Allah Ya sani. Har na goge rikodar da mai. Ran Talata aka rufe boda.

Wanda bai zauna a garin iyaka ba bai san abin da wannan ke nufi ba. Illela da Ƙwanni hanci da baki ne. Kasuwa ta mutu a tsaye, motocin albasa suka ruɓe a layi, masu canjin sefa suka koma gida suka zauna. Matasa na bi ta daji da babur, amma ana kama kaya, kuma rikodar nan in ta faɗi sau ɗaya ta gama. Tsohuwa ba ta hawa babur ta bi gona. Kowa na cewa mako biyu za a buɗe.

Idrisa ya kira ni a wayar Kulu. Ya ce jikin Madam ya motsa, ba ta fita. Ya ce, "Baba, in ƙarfen ya iso, ba sai an kawo ba. Ka kira ni kawai, ka aza waya kusa da lasifika, ni kuma in sa mata a kunne."

Ina tsaye, rikodar na gabana, hannuna na iya kai wa makunnin. Amma na riga na ce masa jiya-jiya na yi magana da mutumin Kano, ya ce sai ƙarshen wata. In na kunna yanzu, mi zan ce? Mai sana'a ba ya warware maganarsa gaban mai kaya, haka aka koya mana. Na ce, "In sha Allahu, da ya iso." Na ƙudura in bar kwana goma su wuce, maganar ta yi kama da gaskiya, sannan in kira da albishir.

Na ƙirga kwanakin. Ran na goma da safe na share kan rikoda, na ɗora faifan farko, na gwada, na mayar da shi farkonsa daidai wurin tarin. Na kira. Da Idrisa ya ɗauka na ji hayaniyar maza a bayansa, da ƙarar buta a kan siminti, da wani yana jan fatiha. Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tun kafin ya yi magana na sani. Ya ce shekaranjiya Madam ta cika, yau sadakar uku.

Na yi masa gaisuwa. Ban ce komai game da rikoda ba.

Sai da aka fi shekara kafin a buɗe boda. A cikin shekarar ban kunna faifan ba, ban buɗe littafi ba. Aiki ma babu. Na sayar da mita da rabin gawarwakin rediyon ga masu gwangwan, da kilo suka auna. Kunnena na hagu kuma ya fara wani shuu wanda ba na eriya ba ne, ba na batir ba, kuma na san irinsa ba ya gyaruwa.

Da aka buɗe, Idrisa ya zo. Na ɗauko masa rikodar na ce an gama, ƙarfen ya iso ran da na kira shi, ran sadakar uku. Ya kunna, ya ji muryar. Sannan ya ce, "Baba, in na kai ta gida wa zai ji? Mu duka kurame ne a nan. Mi take cewa?"

Na fara juya masa. Kakarsa na cewa an haƙa dankali, akuya ta haihu, rufin ɗaki na yoyo. Tana tambaya ko yaron ya fara tafiya, ko ana sa masa hula, don ta ji an ce rana a can ba ta da kirki. Yaron shi ne Idrisa, mai furfura a gemu yanzu. Ya ce in tsaya, ya fita waje, ya dawo, ya ce in ci gaba.

Tun daga nan duk Lahadi yana zuwa. Rabin faifai muke yi a zama ɗaya, yana rubutawa don 'ya'yansa. Yana kawo mini dabino da sukari, ya kawo wa Kulu turmin atamfa. Da na ce ya daina, ya ce ai ni ne dangin uwarsa da suka rage. Mun gama faifai shida da rabi. Lahadin da ta wuce, yana naɗe takardunsa, ya ce mini har ranar da Madam za ta cika tana cewa kada a dame ni da waya, mutumin Illela mai gaskiya ne, da ƙarfen ya iso zai kira. Sai ya yi tsaki ya ce, "Wannan mutumin Kano, Allah Ya isa tsakaninmu da shi. Kwana biyu kacal, Baba. Da ya aiko da wuri da kwana biyu."

Na ce, "Allah Ya jiƙan ta."

Saura rabin faifai. Lahadi mai zuwa za mu gama, ya naɗe rikodar a bargonta ya tafi da ita, kuma bayan shi ba na jin wani zai sake tambayata ma'anar kalma ɗaya. In na yi shiru, zai tafi yana sa mini albarka, yana tsine wa mutumin da babu shi. In na faɗa, na ƙwace masa ɗan abin da ya samu a zauren nan, kuma ita ba za ta ji komai ba ko ta wace hanya. Kulu ta ce ita ta faɗi nata tun da sauran lokaci, kada in sake tambayarta.

Shi ya sa nake tambayarka, kai da ka zauna ka ji har ƙarshe. Ran Lahadi, in zaren ya ƙare ya miƙo mini hannu, in gaya masa tun Larabar farko aka gama, ko in bar shi ya tafi?